Daren Juma'ar Faisal

Wayar Hajar a hannuna take lokacin da saƙon ya shigo, domin tun da ta shiga takaba ta daina taɓa ta. Ta ce duk wanda ya kira gaisuwar mutuwa zai yi, ita kuwa ta gaji da amsawa. Ni aka bar wa aikin, kamar yadda ake bar mini duk wani abu mai madanni a gidan nan tun da yaƙi ya koro ni daga jami'a a Khartum, ina shekara ta uku a karatun kwamfuta. A wurin mutanen gidanmu karatun nan bai wuce loda wa tsofaffi kati da goge hotunan da suka cika musu waya ba.

Hajar matar yayana Faisal ce. Shi direban lori ne, yana ɗaukar riɗi da dawa daga gonakin Simsim ya kai Madani. A tsakiyar Disamba ya tafi da kaya, shi da abokin tuƙinsa Elfadil, sai yaƙi ya iske su a can. Bayan 'yan kwanaki Elfadil ya samu ya kira Husaini, ɗaya yayan nawa da ke aiki a Bor Sudan. Husaini kuma ya kira Inna Ummuhani, mahaifiyarmu, ya ce mata an harbi Faisal a daren Juma'a, ya cika, an binne shi a bakin wata gona. Ba mu ga gawa ba. Mun shimfiɗa tabarmi mun yi zaman makoki, duk wanda ya shigo sai ya ce ai Faisal ya dace, ba kowa ke samun tafiya a daren Juma'a ba. Inna ta riƙe wannan magana da hannu biyu, don ita kaɗai ta rage mata. Hajar ta cire 'yan kunne, ta ɗaura farin damuriyya mai kaushi da masu takaba ke ɗaurawa a nan Gadarif, ta shige ɗaki.

Sai ga shi a farkon Maris, bayan shabaka, wato sabis ɗin waya, ta yi makonni a ɗauke ta dawo, wata lamba da ban sani ba ta turo murya. Babu sallama, babu suna, kalma ɗaya ce kawai aka rubuta da Larabci: amana. Na ɗauka wa'azi ne irin wanda ake turo wa matan da mazansu suka mutu, har na kusa gogewa. Ina zaune a ƙarƙashin rumfa ina tsince albasa na danna.

"Hajar, ni ne. Shabaka babu, ina ɗaukar wannan in ta dawo in turo. Lafiyarmu ƙalau, lori ma yana nan. Kada ki yarda da duk wanda ya ce miki wani abu ya same ni. Ki ce wa Inna ina hanya."

Can nesa da shi ana jin harbi, sai wani tari da ya yi, sai shiru.

Inna tana tuyar kisra, siririyar wainar dawa, a kicin ta saki abin da ke hannunta. Hajar ta fito daga ɗaki babu takalmi, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wayar, ba ta matso ba. Kafin in ce uffan Lami maƙwabciyarmu ta ji ta kan katanga, ta rangaɗa guɗa, kuma a unguwarmu guɗa ta fi shabaka sauri. Cikin ɗan lokaci gida ya cika da matan da suka zo gaisuwa a Disamba, su ɗin dai, da mayafan nan dai, yanzu suna cewa dama jikinsu bai taɓa ba su ya mutu ba. Na kira lambar har na gaji, a kashe take.

Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Muryar yayana ce, da yadda yake jan sunan matarsa kamar zai tsokane ta. Amma ana ta sa ni in maimaita wa kowace sabuwar baƙuwa, idona ya tsaya a kan sunan fayil ɗin. Ba suna ba ne, lamba ce mai tsawo: 1702651437. Duk wanda ya zauna a aji irin namu ya san wannan fuskar. Na'ura ba ta san Talata ko Rajab ba, sakan kawai take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya tun daga farkon ranar ɗaya ga Janairun 1970, kuma wasu wayoyin in sun ɗauki murya sai su sa mata adadin da ƙirgar ta kai a matsayin suna. Lambar nan ita ce lokacin da Faisal ya yi magana. Da ganin farkonta na san ba ta wannan watan ba ce.

Na shiga ɗakinmu na rufe ƙofa, na buɗe kalkuleta. Na raba lambar da adadin sakan da ke cikin yini guda, aka ba ni kwanaki, na bi su shekara-shekara har suka dire a kan sha biyar ga Disamba. Na sake yi, ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Da na fito Baba Wada ya iso. Wan mahaifinmu ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, manomi ne da bai taɓa yarda an kai mace jami'a don wani abin kirki ba. Yana zaune a kan angarib, gadon nan na igiya, da sandarsa, ya saurari muryar, yana share ido da gefen rawani. Na durƙusa kusa da shi na yi magana ƙasa-ƙasa, amma a gidan da mata suka cika babu magana ƙasa-ƙasa. Na ce muryar ta Disamba ce, ba ta jiya ba, wani ne dai ya samu wayar ya turo. Lami ta harare ni kamar ni na harbe shi.

Baba Wada ya ce in yi masa bayani yadda zai gane. Na yi. Da na ambaci ɗaya ga Janairu ya ɗan yi murmushi, ya ce ai ranar haihuwarsa ce a takarda, da ta Inna, da ta rabin unguwa, ashe har na'ura ma haka hukuma ta yi mata. Ba wanda ya yi dariya. Sai ya gyara zama ya tambaye ni wace rana ce sha biyar ɗin. Na ce ƙirgar ta fara ne ranar Alhamis, in aka raba kwanakin bakwai-bakwai ɗaya ke saura, ke nan Juma'a. Ya tambayi lokaci. Na ce abin da ya rage bayan kwanakin shi ne awoyi, a ƙara biyu a samu agogon Sudan, ya kama biyar saura kwata na yamma.

"Bayan la'asar ɗin Juma'a," in ji shi.

"E, Baba."

"Raniya, mutumin da aka binne a daren Juma'a, ya yake magana bayan la'asar ɗin Juma'a?"

A wurinmu dare ne ke gaba da yini. Da rana ta faɗi ranar Alhamis an shiga daren Juma'a, kowane yaro ya san haka, shi ne daren da Inna ke turare gida ta raba wa yara dabino. Idan an kashe Faisal a wannan daren, to lambar nan ta nuna shi da rai kusan yini guda bayan mutuwarsa.

Baba Wada bai tsaya nan ba. Ya tuna wa mutane cewa Madani lafiya ta kwana ranar Alhamis, sai da safiyar Juma'a aka fara jin bindiga, wannan kowa ya ji a rediyo. To wa ya harbi Faisal a garin da ko harbi ba a fara ba? Ya ce magana a fili take: Elfadil ya ga wuta ya gudu ya bar ɗanmu, kunya ta hana shi faɗin gaskiya, sai ya kashe shi da baki. Ƙila Faisal yana tsare, ƙila yana ɓoye a wani ƙauye, amma babu shaidar mutuwa, kuma matar da ba a tabbatar da mutuwar mijinta ba ba ta takaba. Sannan ya dafa kaina a gaban kowa ya ce yau karatun 'yarsa ya yi rana. Tun da na shiga jami'a nake jiran wannan kalma daga bakinsa, ta zo kuma na ji ta kamar tsakuwa a cikin tuwo.

Murna ta dawo ta fi ta farko, don yanzu tana da hujja, kuma hujjar ni ce. Duk wadda ta shigo sai a nuna mata ni a ce kwamfuta ta tabbatar. Na yi ta cewa kwamfuta ba ta ce yana da rai ba, ta dai ce ya yi magana ranar Juma'a, amma wa ke sauraron wannan bambancin? Inna ta aika a sayo ɗan akuya. Lami, wadda ita ke yi wa matan unguwa lalle, ta ce gobe da safe za ta zo da kayanta, don matar aure ba ta zama da farin hannu, kuma barin farin damuriyya a jikin Hajar ma mugun fata ne ga mai rai.

Hajar kaɗai ce ba ta shiga murnar ba. Da yamma na kai mata shayi, ta riƙe mini hannu.

"Raniya, lissafin nan naki yana ƙarya?"

Na ce mata lissafi ba ya ƙarya, sai dai in agogon wayar ne ya ɓaci, kuma Faisal ba ya wasa da agogo.

"To shi ke nan," ta ce. "Ke na yarda da ke. Su sauran so suke yi, ke kuwa ba ki iya so ba sai gaskiya."

Ban san yabo ba ne ko zagi. Na san dai tun da ta shigo gidanmu ba ta taɓa yi mini magana mai nauyin wannan ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hujjar Baba Wada ta biyu. Shi ya ɗauke ta shaidar ƙaryar Elfadil, ni kuwa ta ƙi zama mini. Mai shirya ƙarya yakan zaɓi wadda za ta shiga, don me zai sa mutuwar a daren da duk Sudan ta san ba a yi harbi a Madani ba? Kuma na ga Elfadil da ya zo gaisuwa a Janairu. Ya zauna a ƙofar gida ya kasa shan ruwan da aka ba shi. Ba wanda ya tambaye shi rana ko lokaci, ba a yi wa mai gaisuwa irin wannan tambaya. Na kira Husaini, wayarsa ba ta shiga.

Washegari da safe na ce wa Inna ta ɗan dakatar da lallen har in je in dawo. Ta ce in je in dawo daga ina, kuma tun yaushe na zama uwar gida? Na ce zan nemi Elfadil. Baba Wada ya ce babu 'yarsa da za ta je gaban maƙaryaci, in ya shirya shi da kansa zai sa a kawo masa shi. Na ce to, na ɗauki mayafi kamar zan je sayen sukari, na tari raksha, ɗan keke mai ƙafa uku.

Elfadil ba shi da lori yanzu. An ce mini yana zama a bakin kasuwar amfanin gona, wurin wata mai shayi, yana jiran ko wani zai nemi direba. Hanyar ta bi ta gaban makarantar da aka cika da mutanen da suka gudo daga Jazira, yankin Madani, shanya a kan kowace taga, yara suna layi da jarkoki. Na same shi a kan ɗan benci a inuwar buhunan dawa. Ya rame, jallabiyarsa ta yi masa yawa. Da ya gan ni ya miƙe, ya tambayi lafiyar Hajja, wato Inna, ya sa a kawo mini shayi. Shi ba Bahaushe ba ne, da Larabci muka yi magana.

Ban gaya masa abin da ake faɗa a kansa a gidanmu ba. Na ce ina so ne ya faɗa mini ranar, da bakinsa, yadda ya faɗa wa Husaini.

Ya dube ni kamar bai ga amfanin tambayar ba. "Al-jum'a bil-lel," ya ce. Juma'a da dare.

Na ce wane daren, wanda ke kafin sallar Juma'a ko wanda ke bayanta?

Ya ce ranar ba su samu Juma'a ba, azahar suka yi su biyu a inuwar lori, don tun safe ake ruwan wuta a gabashin kogi. Sun jira duhu ne su fita ta hanyar gonaki. Bayan magariba suka tashi ba fitila, ba su yi nisa ba aka buɗe musu wuta daga gefen hanya. Faisal ke tuƙi. Ya ce shi ya jawo shi daga kujera, ya zauna da shi a cikin wata magudanar ruwa har ya cika, da gari ya waye ranar Asabar wasu manoma biyu suka taya shi haƙa. Wayar tana cikin lori, lorin kuma waɗanda suka yi harbin sun tafi da shi.

Husaini ɗan ofis ne, ranarsa daga sha biyun dare take farawa kamar ta na'ura. An ce masa Juma'a da dare, ya juya wa Inna da Hausa ya ce daren Juma'a, a ganinsa abu ɗaya ne. Inna ta ji Alhamis da dare, duk gidan muka ji haka, muka yi ta yi wa juna barka da daren da ba shi ba ne.

Ban yi niyyar kunna masa muryar ba, amma hannuna ya riga ni. Da ya ji "Hajar, ni ne" ya sunkuyar da kai. Ya ce ya tuna, a kan matakalar lori Faisal ya zauna ya ɗauka, bayan la'asar, har shi ya yi masa faɗa ya ce ya bar ɓata batir. Tarin nan ma hayaƙi ne. Ya tambaye ni ko Hajar ta ji. Na ce ta ji. Ya ce alhamdu lillahi, ko ba komai amana ta isa. Na bar shayin ban sha ba.

A raksha haushi ne ya fi baƙin ciki yawa a raina. Na ji haushin Husaini da Hausarsa ta ofis, na ji haushin Baba Wada da wayonsa, na ji haushin bawan Allahn da ya sayi wayar a kasuwar kayan ganima, ya tarar da muryar, ya ga ya kamata ya yi alheri ya turo. Lambar ba ta yi kuskure ko na sakan ɗaya ba. Faisal ya yi magana rana na shirin faɗuwa, ya ce yana hanya, kuma da gaske yana hanya.

Tun daga bakin lungu na jiyo ƙamshin turaren wuta. An yanka ɗan akuyan. Baba Wada yana ƙofar gida da wasu dattawa suna shan gahawa, ya ɗaga ido ya ga fuskata, ya ajiye finjalin. Na durƙusa na faɗa masa da Larabci yadda Elfadil ya faɗa, sannan na faɗa da Hausa yadda Husaini ya faɗa. Bai buƙaci ƙari ba, ya fi ni sanin bambancin. Ya yi salati a hankali. Ya ce in shiga, shi ba zai iya ba.

Hajar tana kwance a kan angarib a tsakiyar rumfa, an sa mata tob, wato lafaya, mai ruwan ganye na Inna, ƙafafunta a kan matashi, hannuwanta a shimfiɗe a gefe. Lami ta gama tafin ƙafa da 'yan yatsu, tana zana fure a bayan hannun dama da baƙin lalle. Mata sun kewaye su ana hira, Inna tana ta kai da kawo da faranti, rabon da in ga tana tafiya da sauri haka tun kafin yaƙi. Hajar ce ta fara ganina. Ba ta tambaye ni inda na je ba.

"Faɗa mini a nan," ta ce. "Ba zan iya tashi ba."

Na faɗa. Na yi ƙoƙari in taƙaita, amma sai da na bi ta kan Juma'a da dare da daren Juma'a, ina jin kaina kamar malamar aji a gidan mutuwa. Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye, farantin a cinyarta. Ta ce ke nan ba ma daren Juma'a ba ne. Na ce daren Asabar ne, Inna. Wata daga cikin matan ta fara cewa ai Elfadil ɗin ba abin yarda ba ne, ba wanda ya taya ta.

Hajar ta ce a kawo ruwa. Lami ta ɗauko buta da sabulu tana kuka, ta wanke lallen da ta kwashe safiya tana zanawa, tana gogawa da ƙarfi har fatar ta yi ja. Ya riga ya kama. Furen ya fito baƙi ƙirin a bayan hannu, yatsun duka sun rine har farce. Hajar ta ɗaga hannuwan tana dubawa, ta tambayi Lami yaushe zai fita. Lami ta ce na fata zai kai sati uku, na farce kuwa sai farcen ya tsiro an yanke.

"Raniya, damuriyyar tana kan igiya, Inna ta wanke ta jiya za ta bayar sadaka. Ɗauko mini."

Na ɗauko. Ta miƙe tsaye a kan ƙafafun da ba su gama bushewa ba, ta buɗe hannuwa gefe don kada ta ɓata farin. Ni na warware mata tob ɗin Inna, ni na ɗaura mata damuriyyar.